Fenti Ba Ya Maganin Damshi

 Yau sai ku yi mini gafara, domin zan shiga da ku wani lungu na gida wanda ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba, balle a shafin jarida, watau makewayi, ko ban-ɗaki kamar yadda aka fi kiransa yanzu. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne na lura akwai wata asara da magidanta da yawa ke tafkawa a cikin wannan ɗan ɗaki shekara da shekaru, kowa ya yi shiru yana tsammani shi kaɗai abin ya dama. Ni ma ina cikinsu, domin sai da na yi asarar har sau uku kana na yi hankali.

Gidan da nake haya a nan cikin garin Bauchi ɗaki biyu ne da falo, ban-ɗakin kuwa a cikin ɗakin kwana yake. Ran da muka tare, bangon yana ta ƙyalli da sabon fenti, har uwargida ta ce wannan mai gida ya san darajar 'yan haya. Da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, sai muka ga fentin ya soma kumbura, ya yi bororo kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. In ka sa yatsa ka latsa sai ya fashe, wani farin gari mai kama da kanwa ya zubo. Kafin wata guda, kowace safiya sai an share ɓawon fenti daga ƙasa kamar ana sussukar gero a wurin.

Da Salla ta matso na kira mai fenti, ya kankare abin da ya kankaru, ya shafa sabo. Bai kai wata huɗu ba ya sake tashi. Na sake kiransa, ya ce laifin fentin ruwa ne, a sayo fentin mai, shi ruwa ba ya cinsa. Na sayo. Wannan karon bororon ya fi na da girma, har in an huda shi ruwa ne ke tsiyayowa. A karo na uku wani mai fentin dabam ya ce sai an fara shafe bangon da farin garin nan na POP ya yi sumul tukuna. Aka yi, na biya, bayan 'yan watanni shafen da fentin suka saɓulo tare kamar ɓawon rogo.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya haƙuri da ita. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ran da uwargida ta janye akwatunanta daga jikin bangon ɗakin kwana, wanda ke bayan ban-ɗakin, muka tarar bangon ya yi baƙi ƙirin da funfuna, atamfofin lefenta guda uku sun yi tabon da ba ya fita. A daidai gindin wannan bango kuwa katifar ɗanmu take, yaron da ya shafe daminar nan duka yana tari da dare, muna ta sayen magani muna cewa sanyi ne.

BABA MAGINI

Akwai wani dattijo da muke salla masallaci ɗaya, tsohon magini ne, ya yi ginin ƙasa tun yana saurayi, ya kuma yi na siminti har ƙarfinsa ya ƙare. Na kai masa kuka, ya ce mu je ya gani. Da ya shiga, ko kallon fentin bai yi ba. Ya zaro mabuɗi daga aljihu ya riƙa ƙwanƙwasa bangon yana saurare, ya durƙusa ya zuba ruwa buta ɗaya a ƙasa ya ga inda ya nufa, sa'an nan ya fita waje ya zagaya bayan ɗakin. Da ya komo sai ya ce, “Malam, sau nawa ka ce an yi fentin nan?” Na ce, “Sau uku, Baba.” Ya yi dariya ya ce, “To an bar jaki ana dukan taiki. Fentin nan ba shi da laifi ko kaɗan, shi ne ma ke ta gaya maka akwai ruwa a cikin bangon, kai kuwa kana ta toshe masa baki da kuɗinka.”

Wannan magana ita ce duk abin da nake so in faɗa yau. Fenti riga ce, ba ya warkar da ciwon da ke jikin bango. Duk inda ka ga yana tashi a wuri mai laima, to akwai ruwan da ke shigowa ta wata hanya, ko kuwa akwai ruwan da ya rasa hanyar fita. Muddin ba a gano hanyar nan an gyara ba, ko da fentin da ya fi kowane tsada a kasuwar Wunti aka shafa, tashi zai yi.

Baba ya tuna mini da abin da na sani amma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. A gidajenmu na da, irin waɗanda har yanzu ake samu a tsofaffin unguwannin cikin ganuwa kamar Jahun da Nassarawa, makewayi can ƙuryar gida ake yinsa, nesa da ɗakunan kwana, kuma ba a yi masa rufi. Mutum ya yi wanka da safe, kafin azahar rana ta busar da wurin, iska ta kwashe sauran. Ruwan kuma da bokiti ko ƙwarya ake kai shi, gwargwadon bukata, ya fita ta rariya. Maginan da kuwa sun san halin ruwa ƙwarai. Suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna shafe rufin soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, suna kuma sa indararo mai tsawo don ruwan sama ya zuba nesa da gindin bango. Wanda ya je Kafin Madaki ya ga gidan Madaki da Babban Gwani ya gina, wanda yanzu yake cikin kayan tarihin ƙasa, zai san cewa mutanen nan ba da wasa suka riƙi sha'anin ruwa ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, garin ya zama hedkwata, ma'aikata suka yi ta kwararowa, gidajen bulo suka yi ta tashi. A 1979 masana'antar siminti ta Ashaka, wadda a lokacin tana cikin Jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996, ta soma aiki, siminti ya zo kusa. Sannu a hankali makewayi ya baro ƙuryar gida ya shigo cikin ɗaki, aka yi masa rufi da silin, aka binne bututun ruwa a cikin bango, ko na famfon da ke zuwa daga madatsar Gubi, ko na tankin da ke bisa. A yau ka je Gwallameji ko Yalwa inda ake gina ɗakunan haya na ɗalibai da ma'aikata, kowane ɗaki da ban-ɗakinsa a ciki, tagar kuwa wani lokaci ba ta fi tafin hannu biyu ba, wani ma babu ita sam. Ba na cewa a koma gidan jiya, sauƙin da aka samu ba ƙarami ba ne, musamman ga mata da tsofaffi da marasa lafiya. Amma fa mun shigo da ruwa cikin ɗaki, mun mance ba mu yi masa hanyar fita ba.

HANYOYI HUƊU

Ruwan da ke ɓata fentin ban-ɗaki ta ɗayan hanyoyi huɗu yake zuwa, kowace kuwa da alamarta.

Ta farko ita ce tururi. Masana sun auna cewa iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar kimanin giram 30 na tururin ruwa a cikin kowace mita guda ta tsawo da faɗi da zurfi, amma in ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kaɗai take iya riƙewa. Ragowar sai ta sauke shi a kan duk abin da ya fi ta sanyi, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin zufa in an ajiye ta a kan tebur. Wannan shi ke faruwa in an yi wanka da ruwan zafi da asubar hunturu a ɗakin da ba taga, haka kuma a watan Agusta sa'ad da iskar waje ma cike take da laima, bango ba ya samun bushewa tsakanin wanka da wanka. Alamar wannan ita ce ɓarnar ta fi yawa a sama, a silin da kusurwoyi, tare da ɗigo-ɗigon baƙar funfuna.

Ta biyu ita ce yoyon bututun da ke cikin bango, ko na gindin masai, ko ruwan wanka da ke kutsawa ta tsagar da ke tsakanin tayil. Kada a raina ɗigo. In bututu yana ɗiga sau ɗaya a kowane sakan, ɗigo 86,400 ke nan a kwana guda, duk kuwa bulo ne ke shanyewa. Alamarsa ita ce tabon yana nan wuri ɗaya, rani da damina, kusa da famfo ko shawa, sau da yawa kuma ya ɓullo ta ɗaya gefen bangon, kamar yadda ya faru a ɗakinmu.

Ta uku ita ce ruwan ƙasa da ke hawowa ta harsashin gini. Bulo da filasta cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir. Ruwan yana tahowa da gishirin ƙasa, in ya bushe sai gishirin ya tsaya ƙarƙashin fenti ya ture shi, shi ne farin garin nan da ke zubowa. Alamarsa ita ce ɓarnar tana farawa daga ƙasa, ba ta cika wuce mita ɗaya ba, kuma tana ƙaruwa da damina. Garin Bauchi a kan dutse yake zaune, ruwan sama ba ya nitsewa can ƙasa da sauƙi, saboda haka a wuraren kwari, da unguwannin da aka gina a kan tsofaffin fadamu kamar yadda sunan Fadamar Mada ke shaidawa, ruwa yakan matso kusa da harsashi. Maganin wannan tun ran gini ake yinsa, watau shimfiɗar nan mai hana ruwa hawa da magina ke kira difisi, wadda ya kamata ta ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Sau da yawa ana tsallake ledarta don a rage kuɗi, ko kuwa daga baya a cika tsakar gida da ƙasa har ta haye bisanta.

Ta huɗu ita ce ruwan sama, ko ta kwanon da ke yoyo, ko ta bangon waje da ba a yi wa filasta ba, ko kuwa ruwan rufi da ke zuba a gindin gini. Garin nan yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, watau rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da kimanin lita 100,000 a shekara, duro 500 ke nan na mai lita 200. Mai karatu ya tambayi kansa, a gidansa ina wannan ruwa yake zuwa?

YADDA AKE GANEWA

Ba sai da na'ura ba. A samu farar leda mai kamar taƙi ɗaya da rabi, a goge bangon, a manna ta da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. In an ga raɓa a bayan ledar, ta wajen ɗaki, to tururi ne, maganinsa iska. In kuwa raɓar tana ciki, tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa, sai a ci gaba da bincike.

Wanda ke da tanki a bisa, ya cika shi da yamma, ya rufe duk famfunan gida har da na tankin masai, ya sa alama a inda ruwan ya tsaya, da safe ya duba. In ya ragu alhali ba wanda ya taɓa, akwai inda yake zurarewa. Haka Baba ya sa muka yi, da gari ya waye ruwan ya sauka da kamar yatsa uku. Mai gyaran famfo ya fasa bangon a bayan shawa, sai ga gwiwar bututu ta tsage, ga alama tun ran da aka binne ta ba a manna ta da kyau ba. Ban da wannan, daɓen ban-ɗakin ya karkata ne wajen bango maimakon wajen rariya, a waje kuma rariyar ta toshe, ruwa yana kwanciya a gindin ginin. Cuta uku ke nan a wuri ɗaya, ni kuwa ina ta sayen riga.

A nan ne kuma na fahimci abin da ya sa gyare-gyaren da na yi suka ƙara dagula al'amari. Fentin mai yana rufe bango ruf, ruwan da ke ciki ya rasa mafita sai ya ture shi. Bugu da ƙari, jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, in kuwa ruwan toka ya haɗu da mai, kowace mace da ta taɓa dafa sabulun salo ta san abin da ke fitowa. Haka fentin mai ke narkewa ya yi danƙo a jikin siminti mai laima. Shi kuma garin POP ba ya shiri da ruwa ko kusa, da ya jiƙa sai ya yi laushi ya saki. Masu manna tayil a kan jiƙaƙƙen bango su ma su sani ba su kashe ruwan ba, sun kora shi ne kawai, zai haura bisa tayil ɗin ko ya ɓulla a ɗakin da ke maƙwabtaka.

AIKI BISA TSARI

In an gano hanyar ruwan, sai a bi aikin daki-daki, kada a tsallake ko ɗaya.

Da farko a tsayar da ruwan. A canja bututun da ya fashe, a gwada shi da ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin a rufe ramin. A cike tsagar tayil, a gyara karkatar daɓe, a yashe rariya, a kwashe ƙasar da ta taru a gindin bangon waje, a yi masa ɗan dakali mai gangara don ruwa ya gudu.

Na biyu, a kankare duk fentin da ya saki har a kai inda ya kama da ƙarfi. A ƙwanƙwasa filastar, duk inda ta yi amo kamar ganga ta rabu da bulo ke nan, sai a sare ta. Farin gishirin nan kuwa da busasshen buroshi ake kakkaɓe shi, in an wanke shi da ruwa narkewa yake yi ya koma ciki, ya sake fitowa daga baya.

Na uku, a kashe funfuna. A zuba kofi ɗaya na ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, a cikin lita 4 na ruwa, a wanke wurin, a buɗe taga da ƙofa, a sa safar hannu. Ina roƙon uwayen gida da babbar murya, kada a kuskura a gauraya bilic da ruwan wanke masai, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba wadda ke iya shaƙe mutum a cikin ɗan ƙaramin ɗaki.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne wuya gare mu, shi ne haƙuri. Bangon da ya shekara yana shan ruwa ba ya bushewa a kwana uku. A bar shi tsirara makonni, a riƙa maimaita gwajin leda har ran da aka ɗaga ta aka tarar da ita a bushe. Sabuwar filasta kuma, wadda ya kyautu a zuba wa kwaɓinta maganin hana shan ruwa, a yi mata ban-ruwa na 'yan kwanaki don kada iskar hunturu ta tsattsaga ta, sa'an nan a ba ta aƙalla mako huɗu kafin fenti ya taɓa ta.

Na biyar, sai fenti. A fara da shafin farko wanda aka yi musamman don sabon siminti, kana a bi da fentin ruwa mai santsi irin wanda ake iya wankewa, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe sosai kafin na biyu. Kada a yarda mai fenti ya tsinka shi da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokiti don ya yi auki, araha ba ta ado. Inda ruwan wanka ke dukan bango kai tsaye kuwa, can wurin tayil ne, bayan bangon ya bushe. A kuma ɗaga wa ban-ɗakin ƙafa kwana biyu ko uku kafin a koma wanka a ciki.

Lokacin wannan aiki a ƙasarmu daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da iska ta bushe, sai dai a kare ɗanyen fenti daga ƙura. Kuskurenmu shi ne mun ɗaura fenti a kan Salla da biki. Salla kuwa tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, tana zagaya rani da damina, alhali bango ba ruwansa da kalanda, yanayi kawai ya sani.

Na shida, a ba ɗakin iska. In tagar ƙarama ce a faɗaɗa ta, a sa mata raga saboda sauro, a bar ta a buɗe. In ba halin taga, a huda bango can sama a sa bulo mai ƙofofi, ko fanka mai zuƙe iska zuwa waje. Bayan wanka a share ruwan ƙasa zuwa rariya, kada a bar jiƙaƙƙun tufafi da bokitan ruwa a buɗe a ciki, a kuma janye akwati da katifa daga jikin bangon da ke bayan ban-ɗaki.

ABIN YA WUCE ADO

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan ɓawon fenti? To ga dalili. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan damshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fuskantar tari da ciwon ƙirji da tashin asma. A Ingila, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Disamba 2020, binciken da aka kammala a 2022 kuwa ya tabbatar cewa funfunar gidan hayarsu ce ta lalata masa numfashi. Iyayen sun yi ta kai kuka ba a saurare su ba. A 2023 aka yi doka da sunansa wadda ta tilasta wa hukumomin gidajen haya na jama'a su gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadadden lokaci. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa bangon nan ne ya sa ɗana tari ba, amma tun da aka gyara aka kuma matsar da katifarsa muke barci.

Sai kuma dalma. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, shi ya sa Amurka ta hana amfani da irinsu a gidaje tun 1978, binciken da aka yi a kan fentin mai na kasuwannin Nijeriya kuma ya sha gano ta da yawa, musamman a launin rawaya da ja. Mu a Arewa ba sai an gaya mana illar dalma ba, domin a 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Saboda haka in za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara da masu juna biyu, a yayyafa masa ruwa kafin a kankara don kada ya yi ƙura, mai aikin ya rufe hanci da baki, a tattara ɓawon a ƙulle a leda, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma.

Na ƙarshe shi ne lantarki. Jiƙaƙƙen bango da wayar wuta a cikinsa tarko ne. In makunnin fitila ko na hita yana cikin tabon damshi, ko an taɓa jin famfo ya ɗan ja hannu, a kashe wutar wannan sashe nan take, a kira mai gyara, kada a jira sai gobe.

MAI GIDA DA ƊAN HAYA

Saura tambayar da ke haddasa rigima, wa zai biya? Ni a ganina, abin da ya shafi jikin gini, watau bututun da ke cikin bango da harsashi da rufi da taga, na mai gida ne, domin dukiyarsa ce ke lalacewa, ruwan da ya ci fenti bana shi zai ci filasta baɗi, ya kai ga rodi ya sa shi tsatsa. Buɗe taga da share ruwa da yashe rariya da kuma saurin kai rahoto, wannan na ɗan haya ne. Da na je wurin namu mai gidan, da farko cewa ya yi mu ne muke barin ruwa. Ban yi musu da shi ba, na ce, “Alhaji, don Allah ka zo ka gani da idonka.” Da ya ga tsagaggiyar gwiwar bututun a hannun mai gyara, sai ya ce a yi aikin a cire daga kuɗin haya, muka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina kuma kira ga masu gidajen da ke shafa sabon fenti a kan jiƙaƙƙen bango ana gobe mai neman haya zai zo dubawa, su ji tsoron Allah, wannan ɓoye aibin kaya ne. Mai neman haya shi ma ya buɗe ido, ya shiga ban-ɗaki ya shaƙi iskar wurin, ya shafa gindin bango, ya zagaya baya ya ga inda rariya ta nufa, in da hali ma ya je dubawa da damina. Masu fenti kuma, wanda ya gaya wa mai aiki gaskiya cewa bangon nan bai isa fenti ba tukuna, ya rasa aikin yau, amma shi za a nema gobe. Mai sabon gini kuwa ya tuna kuɗin leda da faffaɗar taga da bututu mai kyau bai kai kuɗin fenti uku da na yi ba.

Namu bangon mun bar shi tsirara tun daga Nuwamba har ƙarshen Janairu, baƙi na shiga suna tambaya ko kuɗi ne suka ƙare. Damina guda ta wuce a kansa yanzu, har yau ko ƙwaya ɗaya bai tashi ba. Da na gaya wa Baba, sai ya ce in bari a ga ta biyu tukuna kafin in yi baki.